Jarkar Fetur daga Dogondutsi zuwa Tibiri: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

A ƙasar Arewa ta Nijar gidajen mai kwalta suke bi. Ana samun su a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Dogondutsi (Dutsi) ta nufi Ƙonni. Da ka sauka daga kwalta ka shiga ƙauyukan Matankari, Dankasari, Gesheme ko Dumega, fetur ya bar famfo ya koma jarka da butali. Da su ake shayar da babur ɗin ɗan kabu-kabu, da injin ban-ruwan mai garkar dankalin turawa a Dallol Mawri, da injin bayar da wuta na mai cajin waya. Gida nawa ne ba shi da bidon da ya taɓa ɗaukar mai? Ga wasu abubuwa game da wannan bido da abin da ke cikinsa. Wasu mamaki kawai za su ba ka, wasu kuwa ina fata su sa ka tashi ka duba inda ka ajiye naka.

Abin da ke kamawa ba ya ganuwa

Ruwan fetur ɗin da kake gani a butali ba shi ne ke fara cin wuta ba, tururin da ke tashi daga kansa ne. Kuma ba ya jiran zafi kafin ya tashi. Ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili, irin wanda ba a taɓa ji a ƙasarmu ba, fetur yana fitar da tururin da ya isa kamawa. To, ina ga watan Afrilu a Dutsi, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 sama da sifili ko a inuwa? Gazuwal kuwa sai ya ɗumama ya kai wajen digiri 55 kafin ya yi haka. Mai injin niƙa da mai injin ban-ruwa ba haɗari ɗaya suke kwana da shi ba, ko da jarkokinsu daga hannun mutum ɗaya suka fito.

Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, saboda haka ba sama yake yi ba. Ƙasa yake sauka, ya bi gangare kamar yadda ruwan damina ke gangarowa daga duwatsun Dutsi ya nemi kwari, ya taru a rami, a ƙarƙashin gado, a bayan ƙyaure. Yana iya rarrafawa taku masu yawa har ya iske murhu ko garwashin mai shayi. Can wuta za ta kama, ta biyo shi da gudu ta dawo bakin jarka. Shi ya sa za ka ji wanda ya tsira yana rantsuwa cewa babu wuta kusa da shi, kuma da gaskiyarsa.

Lita ɗaya tak, in ta ƙafe duka, tana bayar da tururi wajen lita 150 zuwa 200. Da ya kai kashi 1.4 cikin ɗari na iskar wuri, ya isa fashewa. In ka yi lissafi, lita ɗaya ta ishi ɗaki mai faɗin mita 2, tsawon mita 3, tsayin mita 2. Ƙyasta ashana ɗaya ce ta rage.

In kuma tururin ya yi yawa, ya wuce kashi 7.6 cikin ɗari, iska ta yi masa kaɗan, ba ya kamawa. Daga nan abin mamaki ya fito: cikin jarkar da take cike ya fi ƙarfin wuta, wadda ta kusa ƙarewa kuwa, ɗan mai a gindi da iska a sama, ita ce ke iya fashewa a hannun mai ita. Ƙwararrun masu walda ba sa sa wuta ga tankin babur ko duro don an ce musu "babu komai ciki". Sai sun wanke shi, sun cika shi da ruwa.

Fetur yana kumbura. Kowane ƙarin digiri ɗaya yana ƙara wa lita 1000 kusan lita ɗaya. Jarka mai lita 25 da aka cika da sanyin asuba, in zafi ya hau da digiri 20 kafin azahar, abin da ke cikinta ya ƙaru da kusan rabin lita, ga kuma tururi yana tokarar murfi. Mai saye yana son a cika masa har baki don ya ga kuɗinsa, amma ƙa'ida ita ce a bar kashi 5 cikin ɗari fanko, wato lita ɗaya da ɗan ɗoriya a irin wannan jarka. Abin da aka cusa a wuyanta, rana ce za ta fitar da shi ta gefen murfi ya jiƙa sirdin babur.

Lita 25 ta ruwa kilo 25 ce, ta fetur kuwa kilo 18 zuwa 19. Wannan rashin nauyi ne ke sa shi hawa kan ruwa, kuma shi ne dalilin da ya sa watsa wa wutarsa bokitin ruwa ɗaukar ta yake yi ya kai ta inda ba ta isa ba.

Rawayar jarka da abin da ke rubuce a gindinta

Rawayar jarkar nan mai lita 20 ko 25 da ta cika kasuwanninmu, don man girki aka yi ta. Da mai ya ƙare sai ta shiga sabuwar rayuwa: ɗibar ruwa a rijiya, hawa amalanke, aikin ƴan garuwa, sai kuma fetur. Kifa ta ka duba gindinta. Za ka ga ɗan zane mai kusurwa uku da lamba 2 a ciki, ko haruffan HDPE. Irin robar ba ta da laifi, danginta ake yin tankin motocin zamani da su. Matsalar a kauri take, da murfi, da rashin gwaji. Jarkar da aka yi takanas don fetur ta fi kauri, wasu har ana yi wa cikinsu wani magani a masana'anta don hana mai ratsawa. Domin fetur yana ratsa roba a hankali ko babu huda ko ɗaya, shi ya sa ɗakin da aka ajiye bido yake wari ko da murfi a ɗaure. Hancinka in ya ji, to tururi ya fito.

Murfin shi ne babban rauninta. An yi shi don ya riƙe mai mai kauri wanda ba ya tururi, na tafiya ɗaya daga masana'anta zuwa kanti. Dabarar da muka saba, a shimfiɗa baƙar leda a baki a murɗa murfi a kai, a naɗe da tsinken robar taya, tana rage ɗiga amma ba ta tsare tururi.

Bidon da ya taɓa ɗaukar fetur ya gama aikin ruwan sha har abada. Roba tana shan mai, tana kuma sakinsa kaɗan-kaɗan, omo da toka ba sa fitar da shi duka. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda masana lafiya suka tabbatar yana haddasa sankarar jini. A yi wa irin wannan bido alama da fenti, babba, wadda ko yaron da bai shiga lakwal ba zai gane.

Akwai tambarin da ke nuna jarka ta ci jarrabawa: da'ira, a cikinta harafin u a sama, n a ƙasa. Tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya ne na mazubin kaya masu haɗari. Bayansa za ka ga 3H1 in jarkar roba ce, ko 3A1 in ta ƙarfe ce. Sai harafi ɗaya, X ko Y ko Z. Fetur sai mai X ko Y, mai Z ba ta isa ba. Kafin a ba ta wannan tambari sai an cika irinta an sako ta daga sama, an ɗora mata nauyi, an hura mata iska a ga ko za ta yoyo. Wadda za ta ɗauki fetur daga tsayin mita 1.2 ake sako ta, in ta roba ce ma sai an sanyaya ta zuwa digiri 18 ƙasa da sifili, lokacin da roba ta fi saurin tsagewa.

Jarkar roba tana da wa'adi. A ƙa'idojin jigilar kaya masu haɗari shekara 5 ne daga ranar da aka yi ta, kuma akan samu ɗan hatimi mai siffar agogo a jikinta da ke nuna wata da shekara. Ranarmu kuwa ba ta jiran shekara biyar. In launinta ya koɗe, jikinta ya yi fari-fari, ko ka danna ka ji tana ƙara, ta tsufa. Ta koma zuba yashi ko dashen itace.

Mai kunne uku

Jarkar ƙarfe mai lita 20 da kake gani a bayan motocin soja da na masu ratsa Tenere, a Jamus aka ƙirƙiro ta a 1937, a garin Schwelm, a kamfanin Müller, ƙarƙashin wani injiniya mai suna Vinzenz Grünvogel. Babu abin da aka sa mata don ado. Mariƙa uku ne a kanta: mutum ɗaya ya ɗauki cikakkiya ta na tsakiya, mutum biyu su raba nauyinta ta na gefe, in kuma fanko ne mutum ya haɗa biyu a kowane hannu. Ɗan tozon da ke bayan mariƙan iska yake riƙewa, don haka ko ka so ba za ka iya cika ta maƙil ba, kuma in ta faɗa ruwa ba ta nutsewa. Zanen da aka danna a gefenta yana ƙara mata ƙarfi, yana ba ta damar kumbura da zafi ta koma daidai da sanyi. Murfinta ba ya buƙatar sifana, kuma akwai siririn bututu a ciki da ke shigar da iska, mai ya fito sumul ba tare da ɓulɓul ba.

A lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Ingila a hamadar Masar da Libiya wasu gwangwanaye masu lita 18 suke amfani da su, marasa kauri, da ke tsagewa da girgizar mota, mai mai yawa ya tsiyaye a rairayi kafin ya kai ga tanki. Sai suka koma tattara jarkokin abokan gaba duk inda suka tsinta. Daga baya Ingila da Amurka suka kwaikwayi ƙirar suka buga miliyoyi. Sama da shekara 80 ke nan ba a canza mata wani abin kirki ba.

Ita ma tana da nata ciwon. Tana tsatsa daga ciki in danshi ya kwanta, zoben robar murfinta yana bushewa ya tsage, kuma kasuwa cike take da na kwaikwayo masu ɗan siririn ƙarfe. Kafin ka biya, zuba ruwa, rufe, kwantar da ita gefe, kifa ta, ka duba ɗinkin waldar. Sannan ta bushe sarai kafin mai ya shiga. A ganina mai ɗora mai a babur ko bayan mota yana bin hanyar ƙauye, ta ƙarfe ce tasa. Mai injin garka kuwa ƙarama mai lita 10 ta fi masa, domin tana ɗaukuwa da hannu ɗaya, ba ta rinjayar mai zubawa, kuma man ba ya daɗewa a ciki.

A Ingila, tun 2014, doka ta ce jarkar roba ta fetur kada ta wuce lita 10, ta ƙarfe lita 20, kuma duk wanda zai ajiye sama da lita 30 a gida sai ya sanar da hukuma. Bido biyu na kasuwar Dutsi sun riga sun wuce wannan iyaka.

Launi ma magana ce. A Amurka ja na fetur ne, rawaya na gazuwal, shuɗi na kananzir. A Ingila kore ne na fetur, baƙi na gazuwal. A wurinmu rawaya ce ke ɗaukar komai, ruwa da man gyaɗa da fetur, kuma nan ne kuskure yake shiga. A Gana ma har laƙabin shugaba John Kufuor aka sa wa wannan rawayar jarka, saboda ƙarancin ruwan da aka yi a zamaninsa, kuma wani mai zane, Serge Attukwei Clottey, yana yayyanka ta yana ɗinka manyan labule da ake nunawa a ƙasashen duniya.

Hunturu da tartsatsi

Wa bai taɓa cire rigar leda ko jan bargo cikin duhun hunturu ya ji ƙas-ƙas, har ya ga ɗan haske ba? Wannan ɗan tartsatsi ya ishi tururin fetur, har ma wanda ya fi shi ƙanƙanta, wanda jiki bai isa ya ji ba. Fetur da kansa yana tara irin wannan lantarki in yana gudu a tiyo ko yana kaɗawa a jarka, roba kuwa ba ta barinsa ya fita. Busasshiyar iska tana ƙara masa ƙarfi, don haka watannin da ake noman rani su ne watanninsa. Maganin mai sauƙi ne: a sauke jarka a ajiye ta a ƙasa kafin a cika ta, ba a kan babur ba, ba a bayan mota ba, ba a kan amalanke mai tayar roba ba. Bakin famfo ya taɓa bakin jarka har a gama. A zuba a hankali.

Wayar salula da ake ta zargi kuwa, masu binciken gobarar gidajen mai ba su tabbatar da cewa ita ke tayar da wuta ba, lantarkin jiki da na tufafi suka fi kamawa da laifi. Fitilar waya ta fi ashana ko fitilar kwai aminci nesa ba kusa ba ga mai son leƙa tanki da dare.

A 1815 Humphry Davy ya gano cewa harshen wuta ba ya ratsa raga mai ƙananan idanu ta waya, domin ƙarfen yana shanye zafin. Da wannan ya yi wa masu haƙar kwal na Ingila fitilar da ba ta tayar da iskar rami. Dabarar ce yau ake sa wa a wuyan jarkar kirki, ɗan kwando na raga da ke hana wuta komawa ciki. A Amurka kamfanin Blitz, wanda ya fi kowa yin jarkar fetur a ƙasar, ya rufe masana'antarsa a jihar Oklahoma a 2012 bayan ƙararraki sun yi masa yawa daga waɗanda jarka ta fashe a hannunsu. A 2020 aka yi wata doka a can da ta wajabta sa irin wannan kariya. In ka sayi jarka ka ga raga a wuyanta, kada ka cire ta don mai ya fi saurin fita.

Butali a bakin hanya

Masu sayar da ruwa-ruwa, waɗanda ake kira ƴan bumburutu a Najeriya, su ne gidan man ƙauye. Ba don su ba, da mai naƙuda da yawa ba ta isa likita ba, da garka da yawa ta bushe. Kwalbar gilas da suke jerawa tana da alheri biyu: fetur ba ya cin gilas, kuma mai saye yana ganin launi da laka da idonsa. Amma tana fashewa, tana yini a rana, kuma teburin yakan zauna kusa da mai shayi ko mai tsire, domin nan jama'a take. Rumfa, da bokitin yashi, da nisan taku mai yawa daga kowace wuta, ba su da tsada.

Gorar ruwa ko ta lemo, mai lamba 1 a gindi, ba mazubin mai ba ce. Ba ta da kauri, murfinta ba ya riƙe tururi, kuma mafi muni, a idon yaro abin sha ce. Binciken da aka yi a asibitocin koyarwa na Najeriya ya sha nuna cewa kananzir ne kan gaba a gubar da ƙananan yara ke sha bisa kuskure, kuma galibi daga kwalbar lemo. In haka ta faru, kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Haɗarin ba a ciki yake ba, a huhu yake: ɗigo kaɗan in ya sarƙe shi ya gangara can yana ƙona huhu, amai kuwa hanya ta biyu yake ba shi. A cire masa tufar da ta jiƙe, a kai shi likita nan take. Babban da ke zuƙo mai da tiyo a baki, wannan haɗarin yake ɗauka kullum, alhali ɗan famfon hannu na roba yana yin aikin.

Farin soson nan da ake tallafe talabijin da firiji da shi a kwali, in ka jefa shi a fetur narkewa yake yi nan take. Kofunan roba na amfani sau ɗaya da aka yi da irinsa haka suke. Ba kowace roba ce roba ba a gaban fetur.

Ɗan fetur kaɗan in ya shiga kananzir yana sauya masa hali gaba ɗaya, ya koma mai kamawa ko da sanyi. A 2001 gurɓataccen kananzir ya yi ta fashewa a fitilu da rishon girki a jihohin Edo da Legas, ya ƙona mutane da yawa, akasari mata da yara. Ba sai ɗan kasuwa ya yi algus ba: jarka ɗaya ko mazurari ɗaya da ke aikin biyu ya isa.

Iyaka, farashi da ɓoyo

Ƙasar Arewa ta ƙetare iyaka. A jihar Kebbi akwai ƙaramar hukumar Arewa-Dandi mai hedikwata a Kangiwa, dangi ɗaya ne, aure ɗaya, kasuwa ɗaya. Shekaru da dama fetur mai tallafi na Najeriya ya yi ta shigowa ta hanyoyin daji a kan babura. A Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta Najeriya ta hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, farashi ya ninka, ribar tsallako da mai ta zube. Nijar tana da matatarta ta SORAZ a arewacin Damagaram tun Nuwamba 2011, mai ƙarfin ganga 20,000 a rana, kuma a Yuli 2024 gwamnati ta sauke lita daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma guda. Da man tsallake ya ja baya, nauyi ya koma kan matatar, a Maris 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen mai. Duk lokacin da aka yi layi, jarkoki sukan shiga ɗakunan kwana. A cikin duk abin da na lissafa a nan, babu wanda ya fi ba ni tsoro kamar wannan, domin gidajenmu na zana da danni da rumbu ne, kuma yara a ƙasa suke kwana, inda tururi ke kwanciya.

Tsoron rashin mai ba ya barin kowa. A Mayu 2021, da masu kutse suka tsayar da wani babban bututun mai a gabashin Amurka, sai da hukumar kare masu sayayya ta ƙasar ta fito ta gargaɗi mutane kada su zuba fetur a leda.

A Benin, inda ake kiran man tsallake kpayo, masu dako sukan gasa jarka a wuta ta kumbura don ta ƙara ɗauka, jikinta kuwa ya ƙara sirancewa. Mai zane Romuald Hazoumè na Porto-Novo ya haɗa irin waɗannan jarkoki 304 ya yi siffar jirgin bayi, aikin da gidan tarihin Birtaniya ya nuna a 2007. Ranar 23 ga Satumba 2023 wani rumbun irin wannan mai ya kama a Seme-Krake, kan iyakar Benin da Najeriya, mutum sama da 30 suka rasu.

Daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019 tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai. Mutane suka taru da bido da bokiti suna kwasa. Shaidu sun ce wani mai babur ne ya tayar da injinsa. Aƙalla mutum 55 suka rasu nan take, wasu suka biyo baya a asibiti. A irin wannan haɗari a Majiya ta jihar Jigawa, 15 ga Oktoba 2024, adadin ya haura 200. A mararrabar Dikko kusa da Suleja, 18 ga Janairu 2025, an kunna injin bayar da wuta don juye mai daga tankar da ta faɗi, kusan mutum 100 suka tafi. Talauci ne ke kai mutane wurin, na sani. Amma babbar hanyar da tankoki ke bi ta ratsa tsakiyar Dutsi da Kore Mairuwa, kuma wanda ya ga tanka a kwance, gudu ya kamace shi, ya nufi inda iska ke fitowa, ya hau tudu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

A garka

Fetur yana tsufa. Cikin wata uku zuwa shida sassansa masu saurin kamawa sun gudu, saura ya fara ɗanko, zafi kuwa yana gaggauta abin. Man da ya kwana tun ƙarshen noman rani, shi ne ke toshe kafireta a farkon wani. Jarkar ƙarfe da aka bari rabi tana tara raɓa a ciki, ruwan ya kwanta a gindi, ƙurar hunturu kuma tana shiga ta mazurarin da aka yasar a ƙasa. Sau da yawa injin da ake zagi lafiyarsa ƙalau.

Ga wani abin mamaki: a kan ƙarfe mai zafi, ba tare da tartsatsi ba, gazuwal ya riga fetur kamawa. Shi wajen digiri 210 yake buƙata, fetur kuwa 250 zuwa 280. Salansar injin da ya yini yana jan ruwa tana iya wuce duka biyun, kuma a ƙananan injuna tanki a saman injin yake zaune. Na san mai garka ba ya son ruwa ya yanke a tsakiyar fangali, amma a kashe injin, a ba shi mintoci ya huce, a zuba da mazurari, a goge abin da ya zube, a kai jarka nesa, sannan a ja igiya.

Wurin ajiya: inuwa, iska na ratsawa, nesa da murhu da rumbu da ɗakin kwana, inda hannun yaro ba ya kai. A tsaye, ba a kwance ba. In an buɗe jarkar da ta sha rana, a sassauta murfi a hankali, fuska a gefe.

In wuta ta kama, yashi ne maganinta, kuma Arewa ba ta rasa shi ba. Bargo mai kauri da aka jiƙa ma yana kashe ƙaramar wuta in an rufe ta da shi. Wanda tufarsa ta kama kada ya yi gudu, ya faɗi ya yi birgima, a lulluɓe shi. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi ake kwarara mata har minti 20, ba ƙanƙara ba. Ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da gishiri, ban da baƙin man inji. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a fizge tufar da ta manne, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a nufi likita mafi kusa.